Kirarin unguwa a bakin wa? Nazarin waƙoƙin unguwannin Niyok a wasannin Burodwe

1. Gabatarwa

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai gidajen wasa 41 da ake haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, Burodwe. Kowane yana ɗaukar ƴan kallo 500 ko fiye, kuma kusan dukansu suna tsakiyar tsibirin Manhatan. Abin da ya fi fito da sunansu shi ne wasan kwaikwayo mai waƙa, wanda Faransawa ke kira comédie musicale. A irin wannan wasa ƴan wasa suna cikin magana sai maganar ta juye waƙa da rawa, sannan a komo ga magana. A teyatur ɗinmu waƙa takan raka wasa ne. A can kuwa ita ce ke ɗauke da labarin.

Daga cikin waƙoƙin nan akwai wani rukuni da ya ja hankalinmu, wato waƙoƙin da ke yabon unguwannin birnin. Sau da yawa da su ake buɗe wasa: a ɗaga labule, a nuna titi, jama'a su fito suna ambaton sunan unguwarsu. Mun zaɓi wasanni biyar da aka fara nunawa tsakanin 1944 da 2008, mun saurari faifan waƙoƙinsu, mun kuma duba rubutunsu da idon mai nazarin harshe. Abin da muke son nunawa shi ne, waƙar yabon unguwa a Burodwe takan zo ne daidai lokacin da unguwar ke kuɓucewa mazaunanta, kuma harshen waƙar da kansa yana tona wanda ke yabon da wanda ake yi domin ya ji.

2. Ma'aunin nazari

Bahaushe ba baƙo ba ne ga yabon wuri. Garuruwanmu suna da kirari, wasu unguwanni ma suna da nasu. Idan muka dubi yadda kirari ke aiki za mu ga mutum uku a cikinsa: mai yi, da wanda ake yi wa, da mai biya. A al'adarmu na biyu da na uku yawanci mutum ɗaya ne, ko kuma ƴan gida ɗaya. Maroƙi ya wasa mutum, mutumin ya sa hannu aljihu. In gari aka wasa, ɗan garin ne tsikar jikinsa ke tashi, shi ne kuma ke yin kyauta. Saboda haka maroƙi ba ya iya yin nisa da gaskiyar da mai wurin ya sani, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A Burodwe an raba waɗannan biyun. Unguwar da ake yabo tana can, mai biya yana nan cikin gidan wasa. Tun kakar wasa ta 2013-2014 matsakaicin kuɗin tikiti ya wuce dala 100, kuma fiye da rabin ƴan kallo daga wajen birnin suke zuwa. Ke nan ana yi wa talakan unguwa kirari ne a kunnen baƙo mai hali. Wannan rabuwa tana barin sawu a cikin harshe, kuma sawun ne za mu bi ta hanyoyi uku:

(a) wakilin suna: wa ke cewa "mu", wa ake ce wa "ku", su wa aka mayar "su";
(b) sunan wuri: wane suna aka zaɓa wa unguwar, tun da yake unguwa ɗaya kan yi suna biyu ko uku;
(c) harshe: da wane harshe ko karin harshe mazauna unguwar ke waƙa.

Akwai wani bayani da zai taimaki mai karatu. Tun tsarin 1811 yawancin titunan Manhatan lamba gare su maimakon suna, kuma lambar tana ƙaruwa yayin da ake yin arewa. Mu a garuruwanmu da tasha ko masallaci ko famfo muke kwatance. Ɗan Niyok kuwa in ya ji lambar titi ya riga ya ƙiyasta aljihun mai zama a wurin, har da launin fatarsa. Lamba a waƙoƙin nan tana da nauyin suna.

3. Unguwa a idon baƙo: 1944 da 1953

Wasan On the Town, wanda aka buɗe a watan Disamba 1944, Leonard Bernstein ne ya tsara kiɗansa, Betty Comden da Adolph Green suka rubuta waƙoƙinsa. Labarin sojan ruwa uku ne da aka ba hutun awa 24 a birnin. Waƙar da suke yi da saukarsu daga jirgi taswira ce kawai aka sa wa kiɗa: ga abin da ke arewa, ga abin da ke kudu, ga yadda ake shiga metro. Sunayen unguwanni a bakinsu alamomin hanya ne, babu wanda ke zaune a cikinsu. Mutanen birnin duka "su" ne.

Sai dai a cikin wasan akwai wata waƙa da ta fi wannan zurfi, ko da yake da raha aka yi ta. Ɗaya daga cikin sojan yana riƙe da tsohon littafin jagora na mahaifinsa, yana lissafa wa wata direbar taksi wuraren da yake son gani, ita kuwa tana gaya masa ɗaya bayan ɗaya cewa babu su. Gaskiya take faɗa: an rushe babban gidan wasa na Hippodrome a 1939, an kuma rufe gidan nunin kifaye na bakin ruwan kudu a 1941. Tun a nan jigon da za mu yi ta cin karo da shi ya bayyana, wato suna yana daɗewa fiye da wurin da ke ɗauke da shi.

Mutanen nan uku sun sake haɗuwa a Wonderful Town (1953). An buɗe shi da waƙar "Christopher Street", sunan wani titi na unguwar Greenwich Village, matattarar masu zane da marubuta. Wanda ke jagorantar waƙar ɗan jagoran ƴan yawon buɗe ido ne. Yana tafe da ayarinsa yana nuna masu mazauna unguwar, su kuma suna tsaye kamar kayan nuni. A nan tsarin wakilin suna a fili yake: ɗan jagora na ce wa baƙi "ku duba", mazauna kuwa "su" ne. Marubutan sun san abin da suke yi, zolaya ce ta ƴan kallo da kansu, domin ayarin da ke bisa dandamali hoton waɗanda ke zaune bisa kujeru ne. Sannan labarin a 1935 aka ajiye shi, shekara 18 kafin ranar wasan. Unguwar da ake yabo ta riga ta zama ta jiya.

Hukuncinmu a kan waɗannan biyun mai sauƙi ne. Ba su yi da'awar magana da bakin ƴan unguwa ba, don haka ba su yaudari kowa ba. Yabon baƙo ne, an kuma sa masa hular baƙo.

4. Unguwar da ba a ambaci sunanta ba: 1957

West Side Story, wanda aka buɗe ranar 26 ga Satumba 1957, ya fi duk sauran suna a duniya. Bernstein ne ya yi kiɗa, Stephen Sondheim ya rubuta waƙoƙi, Arthur Laurents ya rubuta labari, Jerome Robbins ya tsara rawa. An ɗauko ƙashin labarin daga Romeo da Juliet na Shakespeare, aka mayar da gidajen biyu ƙungiyoyin samari masu faɗa a kan titi: ƴaƴan Turawa ƴan ci-rani a gefe guda, ƴan Porto Riko a ɗaya gefen.

A nan ne aka fara jin "mu" da ƙarfi, amma "mu" ta ƙungiya ce, ba ta haɗa unguwa ba. Titi abin mallaka ne da ake karewa da wuƙa. Abin mamaki kuma shi ne waƙoƙin ba su damu da sunan unguwar ba. Sunan wasan kansa gefen gari kawai ya nuna, wato yamma. Dalilin yana cikin tarihin rubutun: a 1949, da Robbins ya kawo shawarar, East Side Story ake nufin yi, rikicin Yahudawa da Katolika a gabashin tsibirin. Daga baya aka sauya gefe, aka sauya ƙabila, labarin bai motsa ba. Unguwar da za a iya ɗauke ta daga gabas a dasa a yamma ba tare da an taɓa labari ba, fili ce kawai ta wasa. Waƙar da ta fi taɓa zuciya a ciki, "Somewhere", begen wani wuri ce da ba shi da suna sam.

Ta fuskar harshe ma haka abin yake. Laurents ƙirƙiro wa samarin kalmomin sara ya yi da kansa, don gudun kada saran gaskiya ya tsufa kafin wasan ya tsufa. Dabara ce mai kyau ga marubuci, amma sakamakonta shi ne babu wani titi a Niyok da aka taɓa yin wannan magana. Ƴan Porto Riko kuwa Turanci aka ba su mai karyayyen lafazi, aka yayyafa masa ƴan kalmomin Sifaniyanci. Ko a tsakaninsu, cikin ɗaki, Turanci suke yi. A cikin mutum huɗun da suka tsara wasan babu ɗan Porto Riko ko ɗaya. Jikin waƙar "America", inda matan ke gardama a kan tsibirinsu da Manhatan, a kan wani kiɗa na Meksiko mai suna huwapango aka gina shi, rawar mambo kuwa ta Kuba ce. An tara Latinawa duka a kwando ɗaya. Kada kuma a manta, ƴan Porto Riko ƴan ƙasar Amurka ne tun 1917.

Amma unguwar tana da suna a zahiri. Yankin da ake danganta labarin da shi ya haɗa da San Juan Hill, unguwar baƙaƙen Amurka da ƴan Karibiyan, inda makaɗin jaz Thelonious Monk ya tashi, inda kuma ƴan Porto Riko suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu. Lokacin da ake tafa wa wasan, hukumar birni a ƙarƙashin jagorancin Robert Moses ta riga ta yanke wa unguwar hukuncin rusau. A watan Mayu 1959 shugaban ƙasa Eisenhower ya ƙaddamar da ginin cibiyar kiɗa da wasanni ta Lincoln Center a wurin, aka tashi iyalai wajen 7.000. Wani sashe na farkon fim ɗin 1961 a cikin gidajen da ke jiran rusau aka ɗauke shi. Samarin wasan suna kashe juna a kan titin da wani na uku ya riga ya karɓe, kuma wasan 1957 bai ce uffan a kan na ukun ba. Sai a fim ɗin Steven Spielberg na 2021 aka cike giɓin: da kangaye da allon sabon gini aka buɗe shi, aka kuma bar maganganun Sifaniyanci ba tare da fassara a ƙasan hoto ba.

Ba mu musun darajar kiɗan Bernstein. A cikin wasanni biyar ɗin nan babu wanda ya kama ƙafarsa. Amma a ma'auninmu, kirari ne da aka yi ba tare da an tambayi sunan mai shi ba.

5. Unguwa ɗaya, suna huɗu: 1996

Jonathan Larson ya rasu ranar 25 ga Janairu 1996, ranar da za a fara nuna wasansa Rent ga jama'a. Ma'anar sunan wasan kuɗin haya. A watan Afirilu na shekarar ya koma Burodwe, ya yi shekara 12 ana nuna shi. Labarin matasa ne masu zane da kiɗa da ɗaukar hoto, da dama daga cikinsu suna fama da cutar sida, suna zaune a wani tsohon gini a kusurwar titi na 11 da layin B, ba su iya biyan haya. Mai gidan tsohon abokinsu ne, yana kuma son korar marasa matsuguni daga filin da ke kusa don ya yi sabon gini.

Ga mai nazarin sunaye wannan unguwa taska ce. Tsohon sunan yankin Lower East Side, mazaunin ƴan ci-rani talakawa tun ƙarni na 19. A shekarun 1960 sunan East Village ya bazu, dillalan gidaje suka rungume shi, don ya raɓa wurin da Greenwich Village mai tsada ya kuma nisanta shi da sunan talauci. Su kuwa ƴan Porto Riko na wurin sun ɗauki tsohon sunan sun tauna shi da haƙoran Sifaniyanci ya zama Loisaida, kamar yadda Hausawan Nijar suka mayar da quartier kartiye. Wata rubutacciyar waƙa ta Bimbo Rivas ta 1974 ta yaɗa wannan suna, daga baya hukuma ta liƙa shi a layin C. Kowane suna a cikin ukun nan da'awar mallaka ce.

Larson sai ya fifita na huɗu. Babbar waƙar yabo ta wasan ita ce "La Vie Bohème", sunan kuma daga Pari ya taso: Rent sabunta opera ce ta Puccini, La Bohème (1896), wadda ita ma aka ɗauko daga littafin Henri Murger a kan matasan Kartiye Latin. Waƙar jerin gwano ce ta abubuwan da matasan ke so, daga abinci zuwa marubuta da mawaƙa da ƴancin rayuwa. Salon rayuwa take wasawa, kuma salon rayuwa ana iya naɗe shi a tafi da shi wata unguwa. "Mu" a nan ta sababbin zuwa ce. Waɗanda suka tarar a wurin, da waɗanda ke kwana a titi, su ne ƴan amshi.

Wajibi ne mu yi wa Larson adalci ta fuska biyu. Na farko, ya sa mai gidan haya bisa dandamali da fuska da suna, abin da West Side Story bai yi ba, kuma rikicin da ya zana yana da tushe: an yi arangama da ƴan sanda a lambun Tompkins Square a watan Agusta 1988, an kuma rufe lambun a 1991 aka kori masu kwana a ciki. Na biyu, akwai inda wata mata marar matsuguni ta zazzage wa saurayin da ke ɗaukar hotonta, tana tuhumarsa da neman suna da wahalarta. Wannan tuhuma ta hau kan wasan baki ɗaya, marubucin kuma ya sani. An riƙa sayar da kujerun layi biyu na gaba a kan dala 20 don marasa hali su samu shiga. Duk da haka tarihi bai sauya hanya ba: masu zane su ne kan share wa masu kuɗi hanya, su sa unguwa ta yi farin jini, haya ta tashi, a kore su tare da waɗanda suka tarar. A 2003 wasan Avenue Q ya mayar da zancen raha. Jaruminsa ya fara neman ɗaki daga layin A, bai sami wanda ya yi daidai da aljihunsa ba sai da ya kai wani layin Q na ƙage.

6. Ɗan unguwa ya karɓi kirari: 2008

Lin-Manuel Miranda, wanda iyayensa ƴan asalin Porto Riko ne, ya tashi a Inwood, maƙwabciyar Washington Heights, can ƙuryar arewacin Manhatan. Ya fara rubuta In the Heights a 1999 yana ɗalibin jami'a. Quiara Alegría Hudes ta rubuta labarin, aka kai shi Burodwe a watan Maris 2008, ya ci lambar Tony huɗu, har da ta wasan da ya fi kowane a shekarar. Labarin kwana uku ne na tsananin zafi a wata kusurwar unguwar, wadda ƴan Jamhuriyar Dominikan suka fi yawa a cikinta.

A waƙar buɗewa, Usnavi mai kantin unguwa yana buɗe ƙofarsa da asuba yana gabatar da maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya yayin da suke zuwa sayen kafe. Aikin ɗan jagoran 1953 yake yi, amma an juya wakilin suna: shi da waɗanda yake nunawa "mu" ne, ƴan kallo su ne "ku". Har yana zolayarsu da cewa ba su taɓa wuce titi na 96 ba, yana kwatanta masu jirgin metro da za su shiga su sauka a titi na 181. Gidan wasan da ake wannan waƙa yana titi na 46. Tazarar titi 135 ɗin nan ita ce tazarar da ke tsakanin wanda ake yi wa kirari da mai biya, kuma a nan ne karo na farko, cikin wasanni biyar ɗinmu, da ɗan unguwa ya dubi mai biya ya faɗa masa ita.

Inda wasan ya fi burge mai nazarin harshe shi ne rabon harsuna tsakanin tsara da tsara. Mai tura baron ƙanƙara da Sifaniyanci yake yawancin tallarsa. Tsohuwa Claudia, wadda ta zo daga Kuba a 1943, kuma kowa ke kira abuela, wato kaka, ko da yake ba ta haifi iyayensu ba, tana ba da tarihinta a kan kiɗan ƙasarta. Matasa da rap suke magana, Turanci ne gadon zancen, Sifaniyanci yana shigowa a kalmomin zumunta da abinci da motsin rai. Wannan shi ne abin da muke ji kullum a bakin ɗalibanmu tsakanin Hausa da Faransanci, kuma an kama ƙa'idarsa daidai: ba ko'ina ake sauya harshe ba, akwai gaɓoɓin jimla da ke karɓarsa. Harshe har ya zama jigo. Benny, baƙin Ba'amurke da ba ya jin Sifaniyanci, yana son ƴar maigidansa Nina, uban ya ƙi shi don bare ne. Waƙar soyayyarsu darasin harshe ce, tana faɗa masa kalma yana maimaitawa. Sunan Usnavi kansa ɗan'uwan Loisaida ne: iyayensa sun ga rubutun rundunar ruwan Amurka a jikin wani jirgi ranar isowarsu, suka karanta shi da lafazinsu, suka raɗa wa ɗansu.

Duk da haka mai biya bai bar wurinsa ba. In aka lura za a ga an jera Sifaniyancin yadda wanda ba ya ji ba zai taɓa ɓata ba: ko dai a bi kalma da fassararta, ko a aje ta inda hannu da fuska za su fassara. Harshen ɗan unguwa ne, amma an rage masa yaji don baƙo. Na biyu, kowa a wasan yana kukan tsadar haya, masu shagon gyaran gashi suna kwashe kaya zuwa Bronx, uban Nina yana sayar da kamfaninsa na motocin haya, amma wanda ke tayar da su ba ya bayyana. Kamar zafin rana yake, abin da sai haƙuri. A nan Rent ya fi shi ƙarfin hali. Na uku, tikitin loteri na dala 96.000 ne ya warware ƙullin labarin, kuma unguwar da ta ga tarzoma a watan Yuli 1992 bayan ɗan sanda ya harbe wani ɗan Dominikan, an wanke ta tas. Da aka yi fim ɗinsa a 2021 sai ƴan unguwar da kansu suka yi ƙorafin cewa baƙaƙen Latinawa, waɗanda suke da yawa a wurin, ba su samu manyan matsayi ba, Miranda kuma ya fito ya ba da haƙuri. Wannan ƙorafi shaida ce a kan ci gaban da aka samu. Wanda ya ce "mu" ya ba mai ɗaki damar tuhumarsa, damar da ɗan jagoran 1953 bai taɓa ba kowa ba.

7. Kammalawa

In muka jera wasannin za mu ga wakilin suna ya yi tafiya daga "su" zuwa "mu", sunan wuri ya tashi daga alamar taswira zuwa kusurwar titi, harshe kuma daga lafazin aro zuwa ainihin cuɗanyar harsuna biyu. Abin da bai sauya ba shi ne lokacin waƙar. A 1944 wuraren an rushe su, a 1957 ana shirin rushewa, a 1996 da 2008 haya ce ke yin aikin da katafila ta yi a da. Saboda haka muke ganin waƙoƙin nan sun fi kusa da waƙar ban kwana, ko da yake da kiɗan biki ake yin su.

Kalmar da mutanen In the Heights ke kiran unguwarsu da ita, barrio, Sifaniyanci ya aro ta daga Larabcin Andalus, inda take nufin abin da ke waje. Mai karatu zai tuna da Birni da Zango a Damagaram, ko Birni da Waje a Kano, ko zangunan Hausawa a Kumasi da Akara: mazaunin baƙi a bayan ganuwa, wanda a kwana a tashi yake zama gida. Niyok ma tana da irin wannan zango da ya shafe mu. A farkon shekarun 1990 ƴan kasuwa daga Afirka ta yamma, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawan Nijar, sun baza kaya a bakin titi na 125 a Harlem. A watan Oktoba 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya sa aka tashe su, aka mayar da wasu wata kasuwa a titi na 116. Paul Stoller ya rubuta labarinsu a littafinsa Money Has No Smell (2002). Duk kayan haɗin waƙar unguwa suna cikin wannan labari: baƙi, da harsuna, da lambar titi, da ranar tashi. In wata rana an ɗora shi bisa dandamali, tambayoyinmu uku suna nan suna jiran marubucin.

Muna ba ɗalibanmu na ilimin walwalar harshe shawara su gwada wannan ma'auni a kan waƙoƙin da matasa ke yi wa kartiyoyin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa: wa ke cewa "mu", sunan hukuma aka kira ko na bakin jama'a, a wace gaɓa ake tsallakawa daga Hausa zuwa Zabarmanci ko Faransanci, kuma wa ya biya kuɗin sutudiyo. Wannan takarda ta aiki ce, muna jiran gyara da ƙarin haske daga abokan aiki.